Inna, 'Yar Katikis Ta Shara Mansur

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Inna ta riga mu. Uwar mijina ce. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na ƙasan bene, a lungunmu da ke bayan titin nan na Shara Mansur. Aka sallace ta a Harami bayan La'asar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Ta haura tamanin, kuma fiye da rabin shekarun nan a Makka ta yi su, ba ta da takarda ko ta ƙunshe goro.

Kwana uku muka yi zaman azza, wato zaman makoki, maza a kan kujerun da aka jera a lungu, mata a falona. Na ji maganganu iri-iri. Abokan tallarta sun yi kuka na gaske. Ɗaya ta ce shekara ashirin suna gudun motar baladiyya mai kama 'yan talla tare, Inna ba ta taɓa tserewa ta bar mata tirenta ba. Wata mutuniyar Nijar ta zo da 'ya'yanta uku, ta ce duka Inna ce ta karɓi haihuwarsu lokacin da take tsoron zuwa asibiti. Amma akwai masu magana ƙasa-ƙasa. Na ji wata tana cewa, "Ai ta yi sa'a. A haife ka a can, ka zo ka mutu a nan." Da Malamar da ke karantar da matan lungu ta ɗaga hannu, sai ta rufe addu'arta da cewa, "Allah ya yafe mata abin da ta yi a ƙarshe-ƙarshen nan." Aka amsa amin da ƙarfi, wasu suna satar kallona.

Ina tsaye da butar gahawa a hannu, na ci gaba da zuba wa mutane, don gidan makoki ne. Amma a Shara'i ba a rubuta suna a kan kabari, ɗan dutse kawai ake ajewa. In na yi shiru, abin da zai saura na Inna a bakin mutane shi ne "abin da ta yi". To ni ce na riƙe mata wayar, ni na san abin da ta yi, kuma zan faɗa.

Shekara goma sha tara ke nan da aka kawo ni daga Zariya, kuma har ta koma ga Allah "Amarya" take kirana. Ɗanta na fari kuwa ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mijinki". Gajeruwa ce, mai tsaga uku-uku a kumatu, tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a bakin titi. Ba ta da doguwar magana. In ta ga mutum yana jan ƙafa bayan an kira salla, sai ta ce, "Wanda ya kira ka ba sa'anka ba ne." In aka kawo mata gulma, sai ta ce, "Kin gani ko kin ji?" In ka ce ji ka yi, ta juya ta ci gaba da ƙulla daddawarta. Kafin ta ɗora tukunya kuwa, sai ta damƙi shinkafa ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara, in ya cika ta ba wa wanda ta ga ya fi buƙata. Na ɗauka ɗabi'ar tsofaffi ce kawai. Game da asalinta, abin da na sani bai wuce cewa daga wani ƙauye take a kudancin Katsina ba. Mijina ba ya son a tona, ni ma ban tona ba.

A Hajjin da ya gabata ne wata hajiya ta tsaya sayen yaji, ta ƙura wa tsagar Inna ido, ta ambaci sunan ƙauyen. Ashe maƙwabtan gari ne. Ta karɓi lambata ta tafi. Bayan wata biyu sai ga kira daga gida, muryar mace ce: "Gwaggo nake nema. Ni 'yar ƙaninta ce."

A ranar na san cewa mahaifin Inna katikis ne, wato mai koyar da addini a cocin Katolika na ƙauyensu. Na san cewa tana da yaya mace wadda ta zama Sista, ba ta yi aure ba, ta ƙare rayuwarta tana jinyar masu amai da gudawa a shekarar da annobar ta shiga yankinsu, har ita ma cutar ta ɗauke ta. Kiristocin can suna kiranta waliyyiya, suna ziyartar kabarinta. Yanzu manyan cocinsu sun sa wani Fada ya tattara shaidar rayuwarta tun daga yarinta. Duk waɗanda suka san ta tana ƙarama sun mutu, ƙanin ma ya mutu. Saura mutum ɗaya a duniya, tsohuwa Musulma mai sayar da daddawa a Makka.

Inna ta karɓi wayar. Sannan ta ce da 'yar ƙaninta, "Ki ce masa ya tambaya. Abin da na gani zan faɗa. Wanda ban gani ba, kada ya sa rai."

Haka muka fara. Fada zai turo tambaya ta saƙon murya, ni kuma da hantsi, in yara sun fita, sai in zauna a bakin katifarta in danna wayar, ta yi magana.

Ta ce gidansu ɗaki uku ne da rumbu biyu. Mahaifinsu ya rataye wani tsohon ƙarfen garma a jikin ɗorawa, yana buga shi da sassafe, da tsakar rana, da faɗuwar rana. Duk inda kake, a gona ko a rijiya, in ka ji ƙarfen sai ka tsaya ka yi addu'a. Da yamma su biyar suke durƙusawa a tabarma ɗaya suna jan carbinsu, uban yana ja, su suna amsawa, ƙaramin yana gyangyaɗi. Mahaifiyarsu ba ta taɓa zuba hatsi a turmi ba sai ta cire damƙa ɗaya ta sa a wata ƙwarya, ta ce wannan ba namu ba ne. Da ta faɗi wannan sai na ɗaga kai na dubi gwangwanin madarar da ke bisa kanta. Ta gane, ta ce, "Danna abinki, Amarya, ban gama ba."

Ta ce a zauren gidan akwai buzu da buta da ba wanda ke taɓa su. Na baƙi Musulmi ne, Fulani masu wucewa da fatake. In lokacin sallarsu ya yi, katikis da kansa yake nuna musu gabas, ya hana yara hayaniya har su sallame.

Fada ya tambaya ko tun tana ƙarama an ga wata alama a jikin yayar, wani haske ko mafarki. Inna ta yi dariya har da tari.

"Malam Fada," ta ce, don haka ta raɗa masa, "ban ga haske ba. Rubuta cewa ta yi fitsarin kwance har ta kai shekara takwas, ni nake kwana a gefenta, ni na sani. Rubuta cewa tana tsoron talotalo. Kuma tana da taurin kai kamar jakin da ya ga rafi."

Ta ba shi labarin ranar da suka saci gyaɗar iri su biyu, suka cinye a bayan rumbu, ba wanda ya gani. Da yamma ana tsakiyar addu'a, sai yayar ta miƙe ta ce, "Baba, mun ci gyaɗar iri, ni da ita." Ba wanda ya tambaye ta. Dukansu suka sha tsumagiya.

"Kwana biyu ban yi mata magana ba," in ji Inna. "In waliyyiya ce, to ni ta fara gwada wa, kuma ban ji daɗi ba."

Amma da ta zo labarin kuturwa, ba ta yi dariya ba. Wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bukka bayan gari. Mahaifiyarsu kan aika mata tuwo, yara su ajiye daga nesa su ruga. Wata rana aka aiki yayar, tana da shekara tara, ta daɗe ba ta dawo ba. Aka tura Inna ta dubo ta. Ta iske ta zaune a tabarmar matar, hannunsu a akushi ɗaya. Da suka dawo, uwar ta kama hannuwan yarinyar ta dirje su da toka tana kuka, tana tambaya me ya kai ta. Yarinyar ta ce, "Ta ce shekara goma ba ta ci da kowa ba." Uwar ta saki hannuwan. Washegari da ta zo kwasa, malmala biyu ta sa a akushin maimakon ɗaya, ta miƙa wa yarinyar.

"Wannan na gani da idona," in ji Inna. "Ina bayan ɗan kalgo a tsaye, tsoro ya hana ni matsowa."

A sati na biyu ne maganar ta fita. Ban san ta bakin wa ba. Bangayen lungunmu ba su da kauri. Mijina ya dawo daga aiki kafin Azahar, abin da bai saba ba. Direba ne a wani kamfanin gine-gine, kuma da ƙyar ya samu igama, wato takardar izinin zama, bayan shekaru yana ɓoye-ɓoye. Ya iske mu da wayar a tsakani, ya fizge ta daga hannuna.

"Inna, nan fa Makka ne!"

"Na sani. Na riga ka zuwa, a bayana na goyo ka."

"Ana cewa kina magana da coci kullum. Ana cewa kin koma. Kin san mutum ɗaya in ya kai ƙara, khalas? Ke ba ki da ko waraƙa ɗaya ta zama, a wannan shekarun za a kai ki tarhil, a tsare ki a kore ki gida? Ni kuma igamata fa? Yaran nan fa?"

Ba zan ɓoye ba, tsoronsa yana da tushe. Mun sha ganin an kwashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Inna ta dafa bango ta miƙe. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Kai, saurara. Shekara sittin ina salla. Wanda ya ce na koma, ya zo ya faɗa a gabana. Amma nonon da ka sha, daga tuwon katikis ya fito. Ka girma kana jin kunyar mutanen da ba ka taɓa gani ba, ni kuma na ƙyale ka don kai yaro ne a garin mutane. Yanzu ka yi furfura. An tambaye ni yayata, ka ce in ce ban san ta ba?"

Ya sa wayar a aljihu ya fita.

Daga ranar Inna ta daina cin abincin gidanmu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. In na kai mata kwano, sai ta ce, "Mai da, Amarya, na mijinki ne." Ta jawo tsohon rishonta ta riƙa dama kunu da kanta. Na roƙe ta, ta ce ba da ni take ba. A rana ta uku mijina ya leƙa ya ga tana ƙoƙarin kunna ashana, tsinke na huɗu ya karye. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Sannan ya ciro wayar ya ajiye a kan katifa, ya ce da ni, ba da ita ba, "Ku rufe taga in za ku yi." Da yamma ta ci tuwona har da neman ƙari.

Malama kuwa da ƙafarta ta zo, da mata biyu a bayanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, nasiha na kawo. Kin san ba a nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara."

"Na sani, Malama. Kin ji na nema?"

"An ce kina yabonsu."

"An tambaye ni me na gani, na faɗa. A karatun da kike mana, shaidar zur na ji kin ce an hana. Ta gaskiya ma an hana?"

Malama ta ce ba haka take nufi ba, amma abin zai iya rikita yara, a ɗauka duk hanya ɗaya ce.

"Ban ce ɗaya ce ba," in ji Inna. "Da ɗaya ce, da ban bar ubana yana kuka a zaure ba. Na zaɓi tawa, kuma a kanta zan mutu in Allah ya yarda. Inda suke yanzu kuwa, ba ni da labari, ke ma ba ki da shi." Ta nuna wajen Harami da haɓa. "Mai Ɗakin can ne ya sani."

Bayan wannan, wasu mata suka daina sayen daddawarta. Ranar karatu ba a aiko a kira ta ba kamar yadda aka saba. Ta yafa mayafinta, ta ce in riƙe mata hannu, muka je. Wata ta zauna a gurbinta na kusa da ƙofa. Inna ta tsaya a kanta har matar ta matsa. Ta zauna, ta buɗe juz'inta mai manyan baƙaƙe, aka yi karatu da ita har aka tashi.

Akwai abin da Inna ta faɗa wanda ba Fada ne ya tambaya ba. Ni ce na tambaya, wata safiya ina taje mata kai. Na ce, "Inna, da kika musulunta, yayarki ta yi fushi?"

Ta ce wani falke ne mai sayen gyaɗa ya riƙa sauka a zaurensu, shi ne ya zama uban mijina. Ba don shi kaɗai ta musulunta ba, ta daɗe tana leƙen masu salla a kan buzun nan, zuciyarta tana ja. Mahaifinta bai zage ta ba, bai kore ta ba, amma shekara guda ba ya iya haɗa ido da ita. Yayar kuwa, a lokacin ta riga ta shiga gidan Sistoci, ta nemi izini ta yi tafiyar yini guda a bayan akori-kura ta zo har ɗakin amarya. Ta kawo farin mayafi da ta ɗinke bakinsa da hannu. Ta ce, "Na ji ku sau biyar kuke yi. Ga wannan ki riƙa rufa. Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tunda kin ɗauka, ki yi da gaske. Kada in ji an ce 'yar gidanmu tana wasa da ibada."

"Shi ya sa ban taɓa bari ta wuce ni ba," in ji Inna. "Ko a guje nake da tire a ka."

Da annobar ta ɗauke yayar, Inna tana nan Makka. Wasiƙa ce wani alhaji ya kawo bayan wata bakwai. Mijinta ya riga ya rasu, yara ƙanana, kuma in ta fita ba ta da hanyar dawowa. Ta karɓi wasiƙar, aka karanta mata, ta ninke ta koma bakin titi. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta san wanda zai yi mata gaisuwar Sista a Shara Mansur ba. Shekara talatin da wani abu tana riƙe da makokin nan ita kaɗai. Wannan ne mutanen da suka ce amin da ƙarfi ba su sani ba.

Tambayar Fada ta ƙarshe ita ce ko ita a ganinta yayarta waliyyiya ce. Inna ta ce, "Wannan aikinku ne, ba nawa ba. Ni dai na san ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ba ta taɓa cin abu ita kaɗai ba. Ka rubuta uwarmu da ubanmu ma, don ba daga sama ta faɗo ba." Fada ya yi godiya, ya ce zai sa ta a addu'a. Ta ce, "Na gode. Ni ma zan roƙa maka shiriya." Na ji shi yana dariya a saƙon da ya maido.

Wata huɗu bayan nan ta kwanta. Ba ta daɗe ba, kwana shida ne. Ranar Talatar ta yi sallar Asuba a zaune, ta sha kunu cokali uku. Da hantsi numfashinta ya canja. Mijina yana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta, ya riƙa maimaita mata kalmar shahada, tana bi, har muryar ta tsaya. Na gani, ba ji na yi ba.

Bayan an share makoki, mutum biyu sun ba ni shawara in goge muryoyin daga wayata, wai don rufin asiri. Ban goge ba, kuma ba zan goge ba. 'Ya'yana Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu, "Sitti" suke kiranta, wato kaka, rabin abin da ta faɗa sai na fassara musu. Zan fassara. Za su san cewa kakarsu 'yar katikis ce, Musulma ce, kuma ba ta sunkuyar da kai a kan ko ɗaya ba.

Ranar kwana takwas 'yar ƙanin Inna ta turo saƙo. Ta ce a ƙauye ma sun yi zaman kwana uku, dangi sun taru daga nesa, har Musulmin maƙwabta sun zo gaisuwa. Mijina yana zaune yana shan shayi, ya ji duka. Bai taɓa yi mata magana ba ko sau ɗaya. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar. Na ba shi. Ya danna, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Salamu alaikum. Ni ne ɗan gwaggonki. Mun gode da gaisuwa, Allah ya ba da lada." Na miƙa hannu zan karɓi wayar. Sai ya ce, "Kabarin kakana, yana nan? Akwai mai share shi?"

Amsa ta zo nan take, tana kuka tana dariya. Ta ce yana nan kusa da na kaka, ita take cire ciyawar duk damina. Sannan ta ce, "Ashe ina da taubashi a Makka, ga Hausa duk ta karkace kamar ta Bature." Mijina ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya natsu ya sake dannawa ya ce ta turo masa hoton wurin.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya karɓi sallolinta da ba ta bari sun wuce ta ba, ya saka mata da haihuwar da ta karɓa da shinkafar da ta damƙa. Ban roƙa mata yafiyar shaidar da ta bayar ba, don ban ga laifi a ciki ba. Mai cewa amin ya ce. Wanda ya ƙi, ba shi na roƙa ba.